Baƙin man haibirid: sintetik dole ne, ko dabarar 'yan kasuwa ce?

Alhaji Garba: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ban ga dalilin da za a ce motar haibirid, mai haɗa injin fetur da batir, sai man sintetik (baƙin man da aka sarrafa na musamman) ba. Injin nan rabin tafiya barci yake yi, batir ke jan mota. A cunkoso ma shiru kake ji. Injin da bai sha wahala ba me zai yi da mai mai tsada? A zuba masa baƙin mai gama-gari, a riƙa juye a kan lokaci, magana ta ƙare.

Isa Bakanike: Wa alaikumus salam. Alhaji ranka ya daɗe, barcin nan da kake yabo ai shi ne ciwon. Duk fetur ɗin da ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, kuma wani yana silalewa ta gefen fistin ya gangara cikin mai, tare da fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba. A mota gama-gari, in aka yi tafiya, baƙin mai yana zafi ya kusa digiri 100, ruwan ya ƙafe ya fita. A haibirid kuwa, in gajerun tafiye-tafiye kake yi, kafin mai ya ɗauki zafi inji ya mutu. Ka buɗe murfin da ake zuba mai ka duba ƙasansa. In ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne, ruwa ne ya haɗu da mai. Ka zaro sandar duba mai ka sunsuna, wata motar warin fetur za ka ji.

Alhaji Garba: To Isa, shi sintetik ɗin ƙofa yake rufewa ruwan ya kasa shiga? Fetur ɗin ma tsoronsa yake ji?

Injiniya Maryam: Nan kam Alhaji ya kama ka, Malam Isa. Ruwa da fetur ba ruwansu da irin man da ke ciki. Maganinsu juye a kan lokaci, da kuma ba motar doguwar tafiya jefi-jefi don mai ya yi zafi sosai. Amma Alhaji, tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce lambar kaurin mai da kamfani ya rubuta, wadda in ta yi ƙasa man ya fi tsinkewa. Prius ta 2010 zuwa 2015 0W-20 ake zuba mata. Camry ta 2018 mai inji lita 2.5 ta koma 0W-16. Irin wannan tsinkakken mai, wanda zai gudu a sanyi kuma bai ƙone ya ragu a zafi ba, da wuya a haɗa shi da man gama-gari zalla. Shi ya sa in ka ɗauki galan ɗin 0W-20 kusan kullum sintetik za ka gani a jiki, ko gauraye. Lambar ta riga ta zaɓar maka tun kafin a fara gardama.

Malam Bello: Injiniya, a yi mana adalci. Tawa Prius ce ta 2007, littafinta 5W-30 ya ce, kuma gama-gari nake zuba mata. Ba hayaƙi, ba ƙara.

Injiniya Maryam: Daidai kake, Malam. Samfurin 2004 zuwa 2009 da 5W-30 aka yi shi, a juye duk kilomita 8,000. Kana kan ƙa'ida. Kuskuren shi ne mai motar 2015 ya ji labarinka ya kwaikwaya.

Ɗanlami Direba: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne 0W-20 ɗin kansa. Ka tsiyaya shi ka gani, ruwa-ruwa ne. Inda ake zafin rana sosai wannan ba zai riƙe ƙarfe ba. 20W-50 shi ne mai.

Isa Bakanike: Ɗanlami don Allah kar ka kashe wa mutane mota. Zafin da ke cikin inji ya ninka na waje, kuma lagireto da tamostat ke daidaita shi, ba rana ba. Sabbin injunan nan tazarar da ke tsakanin ƙarafansu ƙanƙanuwa ce, hanyoyin mai sirara ne, har na'urar VVT-i da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai take aiki. Kuma ka tuna yadda injin haibirid ke tashi: kana tafe a kan batir, ka taka totur, sai ya farka ya ɗauki kaya mota na gudu, man da ke ciki ko ɗumi bai yi ba. Mai kauri kafin ya hau sama an riga an goga.

Injiniya Maryam: Ƙaramin gyara. Prius ba ta da sitata irin wadda muka saba. Motar lantarkin da ke cikin giya ce ke juya injin da sauri kafin a ba shi fetur, saboda haka tashinsa ya fi na mota gama-gari laushi. Kuma littafin wasu ƙasashe ya yarda da 5W-30 ko a sababbin samfura. Amma daga 0W-20 a yi tsalle zuwa 20W-50, wannan ganganci ne.

Malam Bello: Bari in ɗan taya Alhaji. Kalmar sintetik ɗin ma ta yi araha. A 1999 Mobil ta kai ƙarar Castrol gaban hukumar da ke duba tallace-tallace a Amurka, kan cewa tana kiran man rukuni na uku (a jerin rukunan da ake kasa baƙin mai) sintetik alhali daga ɗanyen mai aka tace shi. Castrol ce ta yi nasara. Tun daga nan yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna ɗanyen mai ne da aka tace sosai, ba PAO ba, wato man da ake haɗawa daga tushe.

Alhaji Garba: Allah ya yi maka albarka, Malam! Kun ji ko?

Injiniya Maryam: Mun ji, kuma gaskiya ne. Sai dai rukuni na ukun ma ya fi gama-gari jure zafi da daɗewa bai lalace ba. Abin dubawa a jikin galan shi ne lambar kauri da tambarin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka mai fitar da matakan ingancin mai. Matakinta na SP ya fito a 2020 tare da wani ma'aunin inganci mai suna ILSAC GF-6, kuma GF-6B na 0W-16 ne.

Hajiya Rabi: Ni an ce min in mota ta tsufa aka koma sintetik sai ta fara yoyo. Haka ne?

Isa Bakanike: Hajiya, ba ya huda roba. Wani lokaci dauɗa ce ta toshe sil da ya riga ya tsage, sabon mai ya wanke ta, yoyon ya bayyana. Sil ɗin za a canza. Abin da na fi tsoro shi ne masu jin an ce sintetik na kai kilomita 16,000 su manta da mota. Toyota cewa ta yi 16,000 ko wata 12, wanda ya riga zuwa, kuma in ƙura ce ko gajerun tafiye-tafiye a dawo 8,000. Masu Prius 2010 zuwa 2014 kuma su riƙa duba sanda, wasunsu na shan mai.

Injiniya Maryam: Alhaji, wai taka wace ce?

Alhaji Garba: Camry haibirid, 2018. Na leƙa murfin yanzu, 0W-16 aka rubuta. Ban janye maganata kan 'yan kasuwa ba fa. In ban samu 0W-16 ba kuma?

Isa Bakanike: Littafin ya ce ka zuba 0W-20, a juye na gaba ka koma 0W-16. Ka canza filta tare, kuma ka tabbata galan ɗin a rufe yake da hatiminsa.

Ɗanlami Direba: Ni dai a bar ni da 20W-50 ɗina.

Isa Bakanike: A tsohuwar motarka ba wanda ya hana ka. Ta Alhaji ce kar ka taɓa.