Wa ya taɓa hawan Askival shi kaɗai?

Ɗan Funtuwa a Glasgow:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu hutun kwana huɗu a watan Yuni, zuciyata kuma ta kafe a kan tsibirin Rum da ke yammacin Sikotland. So nake in hau Askival, dutsen da ya fi kowanne tsawo a tsibirin, mita 812. Abokan tafiyata duk aiki ya riƙe su, don haka ni kaɗai ne. Na san daga garin Mallaig jirgin ruwan kamfanin CalMac ke tashi, kuma ba kullum yake zuwa Rum ba. Wanda ya taka wurin da ƙafarsa, don Allah ya ba ni labari.

Bakano a Aberdeen:
Wa alaikumus salam. Na je, ni kaɗai, kuma ban kai ƙololuwa ba. Kada mita 812 ɗin nan ta ruɗe ka, malam, daga bakin teku ake farawa, babu taku ɗaya da za a rage maka. Na bar ƙauyen Kinloch da hantsi, na bi ta kwarin Coire Dubh, ƙasa duk caɓi, takalmina ya sha ruwa tun ban yi nisa ba. Na hau Hallival, mita 723, gari garau, ina hango tsaunukan tsibirin Skye. Daga nan Askival kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ina kan siririn doron da ya haɗa su sai hazo ya taso daga teku. Ka manta da hazon hunturunmu da ake hangen mutum dishi-dishi. Wannan jiƙaƙƙe ne, cikin 'yan mintoci dutsen da na baro a bayana ya ɓace. Na zauna, na dafa wani dutse mai kaushi kamar na niƙa, ina jin bugun zuciyata a kunne. Waya babu sabis. A nan na gane abin da kaɗaici ke nufi a dutse: babu wanda zan ce wa "ya kake gani?" Na jira kusan awa ɗaya, bai washe ba, na fito da taswira da kamfas na juya. Wallahi ya yi min ciwo, don jirgi da kuɗi da hutu duk na zuba a kai. Amma ko yau aka mayar da ni wurin, juyawa zan yi.

Maman Sadiq:
Ɗan Funtuwa, ni abin da ya fi ba ni tsoro ruwa ne. Na nufi Dibidil, inda akwai wani ɗakin dutse da ba a kullewa, matafiya na kwana kyauta. Hanyar ta bi gefen teku tana tsallaka ƙoramu. Da zuwa na tsallake su ruwa iya idon sahu. Da dare aka yi ruwan sama, washegari ƙoramar nan ta koma kogi mai ruri. Na ƙara kwana, jirgina ya tafi ya bar ni. Abin da ya cece ni shi ne garin kwaki da gyaɗa da na ƙaro a jaka, da kuma saƙon da na bar wa maigidana tun a Mallaig: ga hanyar da zan bi, in bai ji ni ba zuwa rana kaza ya kira 999 ya nemi 'yan sanda. Ka yi haka kai ma, ƙanena. Mazauna tsibirin duka kusan arba'in ne, ba wanda zai bi ta kanka haka kawai.

Malamin Zariya:
Ni tanti na kafa a ƙasan Hallival. Tsakar dare na farka da wani irin kuka ta ko'ina, kamar jarirai da yawa sun shaƙe. Na karanta duk addu'ar da na sani. Ashe tsuntsayen teku ne, Manx shearwater, masu haƙa rami a saman duwatsun nan, sai duhu ya yi suke dawowa gida, in sanyi ya gabato kuma su tafi har tekun Kudancin Amurka. Ana cewa kukansu ne ya sa mutanen Norway na da suka raɗa wa wani dutse da ke kusa suna Trollabhal, dutsen dodanni. Da safe na ga ramukan cikin ciyawa kore shar. Ka kula da inda kake takawa, akwai ƙwai a ciki. Ranar gari ya yi kyau, na kai saman Askival, na kauce wa tsinin dutsen da ke kan doron ta gefen gabas.

Bakano a Aberdeen:
Na manta: ka sayi ragar rufe fuska. Ƙananan ƙudajen nan masu cizo, in iska ta kwanta a Yuni, ko alwala ba za su bar ka ka gama ba. Kowane dare kuma ka duba jikinka, akwai kaska saboda barewa.

Ɗan Funtuwa a Glasgow:
Allah ya saka da alheri. Na ƙara kwana ɗaya a lissafina saboda jirgi, kuma a Kinloch zan sauka, Dibidil sai wani karon. Malamin Zariya, tunda rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, yaya ka yi da magariba da isha a tantin?