Me ya sa tafasa ke kashe enzayim amma sanyi ba ya kashe shi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamai. An koya mana cewa enzayim na hanzarta sauye-sauyen sinadarai a jiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan aka sanyaya shi yakan koma aiki da zarar ya ɗumama, amma idan aka tafasa shi, shi ke nan. Ina bambancin yake?

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Amsar tana cikin siffarsa. Yawancin enzayim furotin ne da ya nannaɗe kansa, ya bar wani ɗan gurbi inda sinadarin da zai sarrafa ke shiga ya zauna. Masanin kimiyya Emil Fischer ya kwatanta wannan da kwaɗo da mukulli a 1894, kodayake Daniel Koshland ya gyara bayanin a 1958 da cewa gurbin yakan ɗan lanƙwashe don ya kama sinadarin da kyau. Sanyi na rage motsin ƙwayoyin ne kawai, haɗuwarsu ta yi ƙaranci, amma gurbin yana nan daram. Zafi mai tsanani kuwa yana tsinke raunanan haɗe-haɗen da ke riƙe da naɗin, furotin ya warware, kuma galibi ba ya komawa yadda yake. Ka ɗiga haidirojin feroksaid, ruwan nan na wanke ciwo, a kan ɗanyar hanta, nan take kumfar iskar oksijin za ta taso saboda enzayim katalas. Ka ɗiga a kan dafaffiya, ba za ka ga komai ba.

Ummu Khadija:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada ɗan'uwa ya ɗauka cewa digiri 37 na jikin ɗan'adam doka ce ga kowane enzayim. Wanda aka samo daga bakteriyar maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka ya fi kuzari a wajen digiri 72. Tsami ma yana taɓa naɗin: a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nuna tsami mai yawa, enzayim fefsin na tumbi yana son 2, tirifsin na ƙaramin hanji yana son wajen 8, shi ya sa amilas na yawu ke daina narkar da sitaci idan asid ɗin tumbi ya ratsa shi.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka da alheri. To, idan aka yi ta ƙara sinadarin, aikin zai yi ta ƙara sauri ne?

Malamin Bayoloji:
Zai ƙaru har sai kowane gurbi ya cika, daga nan saurin ya tsaya cik, sai fa idan an ƙaro enzayim ɗin.