Inna na da ciwon suga, ba ta jin Turanci, jikanta ke yi mata tafinta

Maman Hafsat: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, tare da mahaifiyar maigidana, Inna, wadda ta zo daga Maraɗi. Shekarunta 66, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma Hausa kaɗai take ji. Duk sa'ad da muka kai ta asibiti, da sun ga an rubuta Nijar sai su kira tafintan Faransanci, ita kuwa ba ta yi lakwal, wato makarantar boko, ba. Daga ƙarshe ɗana mai shekara 13 ke fassarawa. An sauya mata magani, yaron bai gane a daina tsohon aka ce ba, ta yi ta haɗa biyun har jiri ya kayar da ita a banɗaki. Maigida tasi yake ja da dare, ni kitso nake yi a Harlem, ranar da na rufe hannu ba ko sisi. Takardunta ba su kammala ba, shi ya sa maigidan ke tsoron neman mata inshora. Yanzu ta ce ita ta gaji, a bar ta da zogale da addu'a. Don Allah me za mu yi?

Nas Rabi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Inna lafiya. Tafinta haƙƙinta ne, kuma kyauta ne. Dokar ƙasa ta kare haƙƙin jama'a ta 1964 da sashe na 1557 na dokar lafiya ta 2010 sun ɗora wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wannan nauyi. A jihar New York ma an hana amfani da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a matsayin tafinta, sai in rai na cikin haɗari. Tun lokacin da kike karɓar randebu, wato ranar ganin likita, ki ce a rubuta Hausa a fayil ɗinta a matsayin harshenta, a goge Faransanci. Akwai tafintocin Hausa ta waya, wani lokaci sai an ɗan jira. Ku jira, kada ku yarda a ce yaro ya taimaka don a yi sauri. Ki zuba duk magungunanta a leda, tsoho da sabo, ki je da su. Kafin ku fito, Inna ta maimaita da bakinta yadda za ta sha kowanne, tafinta ya faɗa wa likita. Faɗuwar nan kuma kada a jira randebu na gaba, a kira su gobe.

Alhaji na Webster: Mu da muka daɗe a nan da 'ya'yanmu muka yi ta zuwa asibiti, ba abin da ya faru. Sirrin gida ya fi kyau ya tsaya a gida. Wa ya san wanda ke ɗaya ɓangaren wayar? Garin nan duk mun san juna.

Malama Zuwaira: Alhaji, Allah Ya ƙara girma, tsoronka gaskiya ne, amma aikin tafinta nake yi, bari in faɗi abin da nake gani. An ɗaure mu da riƙe sirri, in na gane mara lafiya na sani sai in faɗa a nemo wani. Sau da yawa ma wanda ke kan wayar yana wata jiha can. Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Tsohuwa mai ciwon suga na iya fama da yawan fitsari, ko ƙaiƙayi a gabanta, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ta yaya za ta faɗi wannan a gaban jikanta namiji? Shiru za ta yi, likita ya tambaya ta ce "da sauƙi", yaro ya fassara cewa ta warke, a rubuta haka a sallame su. Likita bai yi ƙarya ba, yaro bai yi ƙarya ba, amma ciwo na nan yana ci. Kuma ku dubi yaron. In wani abu ya sami kakarsa, da wannan nauyi zai girma a zuciyarsa. Maman Hafsat, ki nemi tafinta mace, ana iya roƙon haka. Ki kuma tambayi Inna a keɓe, da lallashi, ko akwai abin da ba ta taɓa faɗa musu ba.

Abban Sadik: Kan batun kuɗi. Tun Janairun 2024 jihar New York ta buɗe Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ga 'yan shekara 65 zuwa sama masu ƙaramin ƙarfi, ko da ba su da takardu. Akwai kuma NYC Care, wanda aka fara a nan Bronx a 2019: ba inshora ba ne, kati ne na ganin likita da sayen magani da rangwame a asibitocin birni, gwargwadon abin da gida ke samu. Dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, don haka maigida ya zauna da lauya kafin ya cika fom, kada ya dogara da hirar tashar tasi. African Services Committee da ke Harlem sun daɗe suna taimakon 'yan Afirka kan lafiya da takardu. In kuma ta sake faɗuwa ku kira lambar gaggawa ta 911, dokar 1986 ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya saboda rashin kuɗi.

Hajiya Iyami: 'Yata, kada ki yi mata faɗa kan zogale, ki dai gaya wa likita tana sha, don a sani. Ni ina ganin kaɗaici ne ya fi cin ta. A Maraɗi tana fita, tana da maƙwabta, nan kuwa tana kulle a bene yini guda, ga sanyi, ga shinkafa da burodi safe da yamma. Ba na aiki ranar Talata da Alhamis. Ki karɓi randebu a ɗayansu, ni zan raka ta, ke ki je kitsonki.

Maman Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, zan kira ki bayan Isha'i. Nas Rabi, azumi na tafe kuma na san Inna ba za ta yarda ta sha azumi ba. Wannan ma likita za mu tambaya, ko malam?

Nas Rabi: Duka biyun, amma ki fara da likita, tun da sauran makonni, don wasu magungunan suga sai an sauya lokacin shansu da yawansu. Abin da ya faɗa sai ku kai wa malam.