Wuƙata mai D2 ta ƙi jin dutse, ina mafita?

Mai tambaya, unguwar Zango, Damagaram: Assalamu alaikum ƴan uwa. Yayana ya kawo mini wuƙar aljihu mai naɗewa, an rubuta D2 a jikinta. Ta daɗe tana yanka igiya da kirgi ba gardama, yanzu kuwa ta dakushe. Dutsen washin da ke tayar mini da Opinel (wata wuƙar aljihu ƙirar Faransa) nan take, ita sai santsi take yi a kai. Ga layya ta matso. In kai ta wajen masu injin washi a kasuwar Dole?

Wani maƙeri, unguwar Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kai ta inji. Bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da ka ga ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi duka.

Malamin koyon sana'a: Gaskiyar Baba ce. Laifin na dutsenka ne, ba na wuƙar ba. D2 ƙarfen masana'antu ne da ake yanka wani ƙarfen da shi. Kabon ɗinsa ya kai kashi 1.5 cikin 100, kuromiyam kuma wajen kashi 12. Su biyun ke haɗuwa su zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen. Su ke sa kaifin ya daɗe, su ne kuma ke hana dutse mai laushi cinsa. Nemi mawashi mai garin daimon. In bai samu ba, baƙar takardar goge ƙarfe da ake jiƙawa ta isa: shimfiɗa ta a kan gilashi, fara da lamba 400, ka gama da 1000. Ɗaga bayan wuƙar kamar digiri 20 a kowane gefe, kada hannu ya yi rawa. Shafa tawadar baƙin alƙalamin maka a bakin wuƙar tukuna. Inda ya goge, nan kake ci.

Wani mahauci: Ni dai Malam, a wurin fiɗa ba na ba ta kuɗina. Ta maƙeranmu da ake yi da sifirin mota ta fi mini. Tana dakushewa da wuri, amma ja biyu a dutse ta dawo. Ga D2 in ta ci karo da ƙashi, bakinta kan ɓantare.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Baba, yaya zan gane washin ya kai?

Maƙerin: Wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan kaushi ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. A hankali za ka shafa da babban yatsa, daga baya zuwa baki. Sannan ka juya ka yi haka. In ka gama, karɓo guntun fata wajen dukawa, ka riƙa jan ta da baya har kaushin ya fita. Bayan yanka kuma ka wanke jinin, ka tsane ta ka shafa mai, don D2 tana tsatsa in an bar ta da danshi.