Wai da gaske Afghanistan makabartar manyan dauloli ce?

Baban Amira: Jama'a ni kam na yarda da maganar nan ɗari bisa ɗari. Ku duba 1842, rundunar Ingila da masu yi mata hidima wajen mutum dubu 16 suka fito daga Kabul cikin dusar ƙanƙara, aka yi musu kaca-kaca a mashigin duwatsu, wani likita Bature ne ya iso Jalalabad a kan doki rai a hannun Allah. Rasha ta shiga 1979 ta fice 1989, Amurka ta yi shekara 20 ta tattara komatsanta 2021. Sai me kuma?

Malam Tarihi: Baban Amira ka faro labarin daga tsakiya ne wallahi. Iskandar na Makidoniya ya ci yankin Balkh da ke arewacin Afghanistan wajen 329 kafin haihuwar Annabi Isa, har ya auri 'yar can mai suna Roksana, kuma bayansa Girkawa sun yi ta sarauta a wurin kusan shekara 200, masu tonon tarihi sun gano birninsu Ai-Khanoum da dandalin wasan kwaikwayo irin na Girka sak. Wanda ya ci gari ya zauna ya hayayyafa ai ba a ce an binne shi ba.

'Yar Zazzau: Malam to gumakan Bamiyan da Taliban suka fasa 2001 fa, su na su waye?

Malam Tarihi: Na mabiya Buddha ne ƙanwata, kafin Musulunci ya kankama a can. Hanyar fatake ce tsakanin Indiya, Farisa da Sin, kowa ya bi da addininsa da hajarsa. Mongol ma 1221 sun ragargaza Balkh da Bamiyan. Babur kuwa Kabul ya fara kamawa 1504, daga nan ya gangara ya kafa daular Mughal a Indiya, kabarinsa ma yana Kabul.

Baban Amira: Yauwa! Kabari a Kabul, ka ga makabartar kenan da bakinka 😂

Malam Tarihi: Haba ranka ya daɗe, shi ya bar wasiyya a kai shi can saboda son garin. Su Ingilan ma da ka kawo sun dawo 1878, suka riƙe wa ƙasar harkokin waje har 1919.

'Yar Zazzau: To Rasha da Amurka fa Malam? Nan ba ka ce komai ba.

Malam Tarihi: Waɗannan biyun na bar wa Baban Amira.