Me za mu kira irin su Al Capone da Hausa?

1/ Jama'a, jiya na jefa tambaya daga nan Gusau: wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki abin da Turawa ke kira gangster? Ina shirya rubutu ne kan manyan miyagun Amurka na shekarun 1920, kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro. Amsoshi sun zo daga Anka, Talata Mafara, Jega, har Yauri. Ga yadda na tace su.

2/ Sai mun san mutumin kafin mu raɗa masa suna. A 1920 Amurka ta haramta sarrafa giya da sayar da ita, dokar ta zauna har 1933. Mashaya ba su daina ba, sai kasuwar ta koma hannun masu bindiga. A Shikago, Capone ya gaji harkar daga maigidansa Johnny Torrio a 1925, yana ɗan shekara 26. Giya, caca, gidajen karuwai, ga kuɗin kariya da masu shaguna ke biya don kada a ƙona musu dukiya. Yana da akawu, yana da lauyoyi, yana da 'yan sandan da ke karɓar albashi biyu.

Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum 7 na ɓangaren abokin gabarsa Bugs Moran a jikin bangon wani gareji, aka buɗe musu wuta. Kowa ya nuna Capone da yatsa, ba a taɓa gurfanar da shi kan wannan ba. Shekara guda bayan haka, a Maris ɗin 1930, hotonsa ne a bangon mujallar Time, yana murmushi. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, ya buɗe gidan rabon miya da burodi kyauta, marasa aiki suna layi, masu ɗaukar hoto suna jira a ƙofa. Abin da ya kai shi kurkuku a 1931 ƙin biyan haraji ne, aka ɗaure shi shekara 11.

3/ Pablo Escobar na Kolombiya ya bi wannan sawu da hodar ibilis. Ya gina wa talakawan Medellin unguwa guda da filayen ƙwallo, ya shiga majalisar ƙasa a 1982, a 1991 ya miƙa kansa bisa sharaɗin a tsare shi a kurkukun da shi ya gina wa kansa. An harbe shi a kan rufin gida a Disambar 1993, dubban mutane suka raka gawarsa.

Ke nan kalmar da muke nema sai ta ɗauki abu uku: shugabanci, tsari, da suna. Mai yara ne, harkarsa tana da lissafi, kuma yana so a san shi.

4/ Mafi yawan amsoshi "ɗan mafiya" suka ce. A'a. Asalin kalmar daga tsibirin Sisili na Italiya take, amma da ta shigo bakinmu ta sauya hanya. Ka ce wa tsohuwa a Kaura Namoda wane ɗan mafiya ne, matsafi mai shan jini za ta fahimta, ta janye jikanta. Kuma a rubuce tana karo da "mafiya" ta "mafiya yawa".

"Ɗan fashi" ya yi ƙarami, shi aiki ɗaya yake yi ya ɓuya. "Ɗan bindiga" makami kawai ya faɗa; maharbi ma da bindiga yake yawo. "Ɗan ta'adda" yanzu kalmar shari'a ce, tun da kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan fashin daji a matsayin 'yan ta'adda a Nuwambar 2021, a bar ta a wurinta.

5/ Wani dattijo daga Bukkuyum ya turo saƙon murya, da alama ta wayar ɗansa: "Ɗana, mi kuka nema? Ɓarawo ɓarawo na, ko da jirgi ya taho." Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Sai dai ɓarawon da muka sani kunyar a gan shi yake ji. Wannan kuwa shi ke kiran 'yan jarida.

6/ Yanzu ga inda gardamar ta yi zafi. Wani ɗan'uwa da ke aikin rediyo ya ce ai an gama: "ƙasurgumi". Kullum shi suke faɗa, ƙasurgumin ɗan bindiga wane. Wasu suka ƙara da "gawurtacce", "gagararre", "riƙaƙƙe", wani ma ya ce "gagarau".

Yaya, ka saurari kalmomin nan da kunnen yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke kiwo a bayan Shinkafi. Ƙasurgumi girma yake nunawa, ba muni ba. Ƙasurgumin attajiri ma ana cewa. Gagararre kuwa ai shi ne abin da mutumin ke so a faɗa, cewa ya gagari soja, ya gagari gwamna. Gagarau kirari ne tsantsa, da shi ake zuga ɗan dambe ya shiga fage. Duk sanda mai karanta labarai ya furta su, maroƙi ya zama ba tare da an ba shi ko sisi ba.

Kuma mu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Ƙasar Kebbi ce ta haifi Gambu mai waƙar ɓarayi, wanda ya shekara da shekaru yana wasa su da kalangu. Mun san abin da kirari ke sa mutum ya aikata. A Meziko ma akwai waƙoƙin da ake yi wa dillalan ƙwaya musamman, har wasu jihohi suka hana rera su a bainar jama'a. Namu 'yan fashin dajin na yanzu ba sa jiran makaɗi. An yi wa Bello Turji waƙar yabo ta yaɗu a wayoyi, shi da kansa yana sakin bidiyo yana yi wa gwamnati jawabi, yaransu kuma suna baza damman kuɗin fansa a TikTok, ana danna musu alamar so.

7/ "Kachalla" fa? Wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi ce ta kawo ta, ta ce tunda su da kansu haka suke kiran manyansu, a ɗauka kawai. Hajiya, dalilin ƙin ta ke nan. Sarautar yaƙi ce mai tarihi a Borno, kuma akwai mutanen kirki masu amsa ta a matsayin suna ko muƙami. Da aka kashe Halilu Sububu a Satumbar 2024, kanun labarai da yawa da "Kachalla" suka fara, kamar wani basarake ne ya rasu. Mun ga inda rawani ke kaiwa: a Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladar naira miliyan 5 a kansa. Gwamnatin jihar Zamfara ta dakatar da sarkin, amma hotunan naɗin sun riga sun zaga duniya. "Sarkin ɓarayi" da wani ya ba da shawara ma nan ta faɗi. Kada a sa sarauta a ciki ko da wasa.

8/ Abin da na tsaya a kai: uban daba.

Ba ƙirƙira ba ce, tana bakin mutane. Daba tun ta 'yan farauta da 'yan tauri take, ta gangaro ga 'yan daban Kano, yau kuma duk wanda ya fito daga hannun masu garkuwa zai ce maka a dabar wane aka tsare shi. Manomin da ya haɗa kuɗin harajin girbi ya san dabar da ya kai wa. Kalmar tana ɗauke da wuri, da yara, da wanda ake jin maganarsa, da yankin da wata daba ba ta isa ta shiga ba. Rikicin Capone da Moran rikicin daba biyu ne kan iyaka. Buharin Daji ma, wani jagoran 'yan fashin daji, a 2018 ba soja ne ya kashe shi ba, Dogo Gide ne, na cikin gida. Kuma babu uban da zai ji daɗi a ce ɗansa ɗan daba ne. Ƙyamar tana cikin kalmar tun asali.

Wani malamin makaranta daga Tsafe ya yi ja: daba ta 'yan wuƙa da gora ce, ina ita ina mai kwat da sigari? Malam, shi ya sa "uban" ke gaba. Ɗan daba shi ke riƙe makami, uban daba shi ke riƙe littafin lissafi.

9/ Saura ɓangaren suna. A nan Hausa ta riga ta raba mana gardama. Akwai shahara, akwai ƙaurin suna. Ƙauri shi ne abin da hanci ke ji idan tuwo ya kama a tukunya: maƙwabta duka sun san da shi, ba mai sha'awar ci. Don haka ba "shahararren ɗan bindiga" ba, ba "fitacce" ba. Uban daba mai ƙaurin suna.

Gwaji: "Al Capone, uban dabar Shikago da ya yi ƙaurin suna a zamanin haramcin giya." "Sojoji sun kashe wani uban daba a dajin Maru." Jam'i: iyayen daba. Harkar gaba ɗaya, wadda ke da akawu da lauya da ɗan leƙen asiri a kasuwa: babbar daba.

Na yarda tana da tsawo ga kanun labari. Mai gyaran shafi zai iya barin "uban daba" kaɗai, ƙaurin ya fito a cikin labarin.

10/ Inda ban samu mafita ba shi ne irin su John Dillinger, mai fasa bankuna da aka harbe a ƙofar silima a Shikago a Yulin 1934, da Bonnie da Clyde da aka kashe wata biyu kafin shi. Sun yi ƙaurin suna, talakawan da bankuna suka ƙwace wa gonaki suna tafa musu, amma ba su da yanki, ba su karɓar haraji, kullum a guje suke. Uban daba bai hau kansu ba. Wani ya kawo "ɗan tawayen doka", ni kuma ina jin "tawaye" zai ba su hujjar da ba su da ita. Masu Hausar Gummi da Argungu, me kakanninku ke kiran ɗan fashin da gari ke ɓoyewa daga dogarai?