Na sake buɗe Ruwan Bagaja bayan shekara 27, wannan karon da yara a gabana

Baban Yara Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya ina kwashe tarkace a wata tsohuwar akwati sai na ci karo da Ruwan Bagaja ɗina na sakandare. Bangon baya ya tafi, gara ta ɗan taɓa gefe, ga sunana a shafin farko da rubutun yaro mai ji da kansa, har da gargaɗin ba a aro. Na ce bari in riƙa karanta wa yara kaɗan-kaɗan da dare.

Abu ya yi ta tafiya daidai har muka iso inda Alhaji Imam ya kara da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gaban jama'a. Kun tuna wurin: ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce Zurƙe ya faɗi mene ne, Zurƙe ya yi ta jero sunayen baƙaƙe, shi kuwa ya ce ai tsayuwar wata ce, mutanen gari suka bi bayansa. Ni ina dariya har da hawaye, ƙananan biyu suna taya ni. Babbar, mai shekara 11, ko murmushi ba ta yi ba. Sai ta ce, "Baba, ai Zurƙe ne ya iya karatu. Shi Alhajin ƙarya yake yi. To me ya sa shi ya ci?"

Wallahi na rasa ta cewa. Sau nawa na karanta wurin nan ina yaro, ban taɓa tausaya wa Zurƙe ba. Akwai wanda ya gwada karanta wa 'ya'yansa littafin da ya so a makaranta? Yaya kuka ƙare?

Kawu Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ɗora wa littafin nan kayan da ba nasa ba. Gizo mutumin kirki ne? Amma da tatsuniyarsa aka raine mu, kuma ba mu tashi 'yan damfara ba. Yaro ya san bambancin wanda ake yi wa dariya da wanda ake koyi da shi. Ni jikokina shida na karanta wa, ba wanda ya tsare ni da tambaya, sai dai su ce Kaka ƙara. Ka gaishe min da amaryar tawa, ka ce mata alƙalanci ya dace da ita.

Malamar Hausa:
Kawu, a gafarce ni, ni ina bayan yarinyar. Tambayarta ita ce karatun. Shekara 16 ina koyar da adabi, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗalibi ya haddace sunayen taurari da jigo da salo, ya ci jarrabawa, bai taɓa jin haushin kowa a cikin littafin ba.

Baban Yara, ka gaya mata wanda ya rubuta shi saurayi ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai a 1933. Wato shekararsa 22 ke nan. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. In ka san wannan, sai ka riƙa jin ƙuruciya da tsokana a cikin rubutun. Malami ne matashi yake zolayar masu rawanin da ba karatu a ƙarƙashinsa, da jama'ar da ke bin mai baki su bar mai sani. Manazarta kuma suna danganta wannan salon na gwanin baki mai yawo gari-gari da Muƙamatul Hariri, wani tsohon littafin labarai na Larabci, wanda shi Abubakar Imam ya sani ta wajen karatunsa na Larabci.

Abin da na gani a aji kuwa: in na ce su karanta a zuci, rabin aji gyangyaɗi. Ran da na miƙe na karanta da murya, na ba Zurƙe tasa murya, Alhaji tasa, har 'yan bencin baya suka matso. Littafin nan kunne yake so fiye da ido.

Maman Ummi:
Ku dai kun dace. Ni nawa gwajin faɗuwa ya yi warwas, gara in faɗi gaskiya. Na tara su huɗu, na karɓe waya, na fara. Ban kai shafi uku ba babban ya ce wai babu bidiyonsa ne? Ta biyun ta ce mene ne fatake, na bayyana. Mene ne zango, na bayyana. Kafin in gama zama ƙamus labarin ya huce, autan ya yi barci a cinyata. Kwana biyu na daure na bari. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata, don ji na yi kamar ni suka ƙi, ba littafin ba.

Malamar Hausa:
Maman Ummi, kuskuren shi ne karɓe wayar a gabansu, kin mai da littafin horo. Kuma ki daina tsayawa a kowace kalma. Ki wuce, labarin zai fassara musu da yawa. Ki fara da mutum ɗaya, wanda ya fi son surutu, sauran kishi zai kawo su.

Direban Dare:
Ni ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ina riƙon ɗan matata, mahaifinsa ya rasu yana goye. Yanzu shekararsa 12. Yaron kirki ne, sai dai tsakaninmu gaisuwa ce kawai da "an aike ka", ya kasa sakin jiki da ni, ni ma ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Littafin nasa ne ma, na makaranta. Na gan shi a kan tabarma na ɗauka ina dubawa don tuna da, sai na ce ya zauna in karanta masa, daga baya muka koma shi shafi ɗaya ni shafi ɗaya. Abin da na riƙe tun ina yaro shi ne aljanu da keta da dariya. Sam na manta mafarin tafiyar. Limamin da aka ci wa mutunci a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, ba shi ya haifi Alhaji ba, mijin uwarsa ne. Agola ne ya bar gida ya shiga duniya shekara da shekaru don ya wanke mutumin da ya riƙe shi.

Yaron ne ke karatu a wurin. Ya kai ƙarshen shafi bai miƙo min ba, ya juya ya ci gaba, muryarsa ta ɗan canza. Ni ma ban ce komai ba, na yi kamar ina gyara fitila. Ba zan ce muku komai ya sauya ba. Amma jiya da zan fita aiki ya biyo ni har bakin mota ya ce, "Baba, kar ka karanta ba ni." Da can Kawu yake ce min.

Kawu Mai Ritaya:
Allah ya yi maka albarka, ya raya shi. Na janye rabin maganata.

Auta 'Yar Jami'a:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni tsanar littafin na yi a sakandare, don da bulala aka tura mana shi. Bara idon kakata ya yi rauni, ta ce in riƙa yi mata karatu, sai na ɗauko shi don shi ne siriri. Ashe ta san shi tun kafin a haifi babana. Ba ta yi boko ba, yayanta ne yake karanta musu suna yara. Ina karantawa tana riga ni faɗin abin da zai faru, in na yi tuntuɓe da kalma ta gyara min ta faɗi ma'ana, har da faɗa wai Hausarmu ta zama ruwa-ruwa. Yanzu mun shiga Magana Jari Ce, muna littafi na biyu cikin ukun. Maman Ummi, in akwai tsohuwa a gidan, ki miƙa mata aikin ƙamus ɗin, sun fi mu iyawa kuma suna so.

Baban Yara Uku:
Na gode ƙwarai, jama'a. Malama, na gaya mata shekarun marubucin, ta ce ashe shi ya sa. Na kuma mayar mata da tambayarta, na ce ke a ganinki laifin wa? Ta yi tunani ta ce na mutanen garin ne, da suka iya karatu da ba a yi musu haka ba. Kawu, ta amsa gaisuwa, ta ce alƙalancin sai ta yi shawara.

Sai dai wata sabuwa ta taso. Daren jiya muka kusa ƙarshe, ashe ganye biyu na baya sun bi bangon. Na ce su kwantar da hankali, na san yadda aka ƙare, zan faɗa musu da ka. Babbar ta ce ba ta yarda ba, wai ni ɗan ɓangaren Alhaji ne, zan iya murɗe labarin in cuci Zurƙe. Don Allah mai cikakken kwafi ya taimaka ya ɗauko min hoton shafukan ƙarshe kafin magariba.